Kafin Sanarwa Ta Uku

Lahadi, 6 ga Satumba 1998, bayan sujada

Yau Rabaran Gershon ya karanta sanarwar auren ƙanwata Emilia da Celestine, karo na farko. Ya yi abin da ya saba, ya sauke tabarau kan hanci ya dubi jama'a, ya ce duk wanda ya san dalilin da zai hana auren ya tashi ya faɗa, ko ya same shi a ofis kafin Lahadi ta uku. Matan zumunta suka rangaɗa guɗa. Ni ma na yi tafi, don idon mutane yana kaina.

Ba ƙin mutumin nake yi ba. Na san shi tun yana yawo da gajeren wando a kwatas ɗin reluwe, babansa na tuƙa jirgi, uwarsa na sayar da garin kwaki a kasuwa. Nan aka haife shi, Hausa ta fi Ibo zama a bakinsa. Amma siririn yaron da ya bar Kafanchan a 1987, bayan rikicin da ya faru a watan Maris, ba shi ne ya dawo bara ba. Wannan sai ya karkace kafin ya shige ƙofar falonmu. Kunnuwansa kamar citta da aka tono, haƙoran gaba kuma na roba ne.

Ya ce ƙwallo ya yi a Faransa shekara goma, ana biyansa albashi. To, mun ji.

Litinin, 7 ga Satumba, da rana

Kawu Silvanus, ƙanen marigayi Baba, ya tare ni a ƙofar makaranta. Shi zai ba da auren, amma kamar kullum aikin a kaina zai sauka.

"Edna, kai ne babba a gida, kai ne malama. Ka bincika mutumin nan. Mun kalli kofin duniya na Faransa daga farko har ƙarshe, ban ga mai irin jikinsa a fili ba."

Na ce ba irin wannan ƙwallon ba ce, tasu da hannu ake yi, sunanta rugbi, a rediyo suna cewa zari-ruga. Kawu ya ce sunan ma bai kwanta masa ba. Ni ma bai kwanta mini ba.

Emilia ba ta san an ɗora mini wannan aiki ba. Ko kuwa ta sani, tana nuna ba ta sani ba. Kwanan nan na daina iya karanta fuskar yarinyar nan.

Laraba, 9 ga Satumba, da yamma

Celestine ya zo cin abinci. Gwaten acha na yi, ya share tukunyar yana yi mini addu'a.

Na ce ya ba ni labarin wasan nan tun daga tushe, kamar yana koya wa 'yar aji ɗaya. Ya ji daɗi. Wani Fada, limamin coci Bature, shi ne ya kawo ƙwallon makarantarsu, mai siffar ƙwai, ana rungume ta a ruga, kuma ba a jefa wa ɗan'uwa sai ta baya. Karatu ya kai shi Faransa, karatun ya tsaya, ya koma dakon akwatunan inabi a wani ƙaramin gari na kudu. Nan wani tsoho ya gan shi ya bi shi har masauki.

"Bai ma tambayi sunana ba, Anti. Wuyana ya taɓa, kamar mai sayen bijimi a kara."

Riga mai lamba uku suka ba shi. Ba gudu ne aikinsa ba, ba cin ƙwallo ba. Mutum takwas za su sarƙe kafaɗa su sunkuya, na wancan gefen ma haka, a haɗa kai a yi ta turi. Shi yana sahun gaba, kansa a tsakanin kawunan ƙarti biyu. Ya nuna kunnensa ya ce nan ya tafi. Daga ƙaramar ƙungiya aka ɗauke shi zuwa babba, har yara a titi suna kiran sunansa ba daidai ba. Na ce ashe shekara goma ya yi yana karo kamar rago ana tafa masa. Ya yi dariya har kujerar ta yi kuka.

Sai ya ba da labarin wasan da suka ci kofi. Ana tsuga ruwa, filin duk taɓo, da ƙyar suka sha a mintin ƙarshe.

Labarin ya yi daɗi. Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne Emilia. Duk inda ya ɗan tsaya, kafin ya buɗe baki ta riga shi. "Sai ka koma babban kulob ɗin, ko?" "Kocin nan naku mai gemu." Da Kawu ya yi sallama, tun bai zauna ba ta ce, "Ga Kawu Silvanus, wanda ka kai wa doya ran Asabar." Na daɗe ina koyarwa, na san ɗalibin da ya san karatunsa, na kuma san wanda ake miƙa wa amsa ta ƙarƙashin tebur. Su biyun nan sun haddace wani abu.

Alhamis, 10 ga Satumba, da rana

A kasuwa ana cewa kurkuku ya yi a can. Mai kifi ta ce kunne irin wannan duka ne kaɗai ke kawo shi.

Asabar, 12 ga Satumba, da yamma

Na je shagon mahaifiyarsa, Mama Uzoamaka, da sunan sayen manja. Ta ja ni ciki ta nuna mini hotuna. Ga shi nan cikin Turawa, jina-jina, yana washe baki. Ga shi a shafin jarida. Ga rigar mai lamba uku a ninke cikin leda. Wasan dai ya yi shi, maganar kurkuku ta faɗi.

Na tambaye ta me ya sa ya bari, alhali da sauran ƙarfinsa. Ta ce gwiwa. Shi ranar Laraba kafaɗa ya ce mini. Ta cika mini kwalbar har ta zube, ta ƙi duban idona.

Ina fitowa na tarar da shi a bakin shagon, 'yan acaɓa sun kewaye shi, yana ba su labarin wasan kofin nan. Yau rana ce ake ƙwallawa, har mutane na suma a wurin kallo, kuma tun kafin hutun rabin lokaci suka gama da abokan karawarsu. Na tsaya a gabansa don ya gan ni. Ya gan ni, ya gaishe ni da fara'a, ya ci gaba. Ko kunya babu.

Mutumin da zai yi ƙarya a kan ruwan sama, me zai hana shi yi a kan mata da 'ya'ya a Faransa?

Lahadi, 13 ga Satumba, bayan sujada

Sanarwa ta biyu. Ango bai zo ba. Emilia ta ce ciwon kai ne, yana kwance a ɗaki an rufe tagogi. Ita kuma riga mai dogon hannu ta sa, cikin wannan zafi na majami'a.

Rabaran ya sauke tabarau ya jira. Na ga kamar ya fi daɗewa a kaina. Wataƙila ni ce nake gani.

Talata, 15 ga Satumba, da safe

Jiya ya kamata Celestine ya je Kagoma ya gaida dangin Baba, yadda ake yi kafin biki. An yanka kaza, tsofaffi sun bar gona sun zauna jiransa. Tun da hantsi ya hau babur. Bai je ba. Kagoma da mutum zai iya takawa da ƙafa.

Sai dab da magariba Emilia ta shigo da shi. A tashar jirgi ta same shi, zaune a kan benci. Ta ce babur ne ya lalace. Na fita na duba babur ɗin, taka ɗaya na yi masa ya tashi, amma tankin ya kusa bushewa. Ina ya je da man nan duka?

Na kawo masa ruwa, na matsa kusa da shi da gangan don in ji warin burkutu. Babu. Na dubi rigarsa ko zan ga hoda ko jan baki. Babu. Ƙafafun wandonsa ne kawai suka yi jar laka. Ya karɓi kofin da hannu biyu, ya ce, "Na gode, Madam." Madam. Emilia ta yi wuf ta ce, "Anti Edna tana ta jiranka tun rana."

Mace ce. Tabbas akwai mace a wani wuri.

Laraba, 16 ga Satumba, da yamma

Mun yi faɗa.

Tana wanki ta naɗe hannun riga, na ga tabo a wuyan hannunta. Ta ce ƙofa ce. Na ce wace ƙofa ce mai yatsu? Na faɗa mata duk abin da na tara, ruwan sama da rana, gwiwa da kafaɗa, babur da ba abin da ya same shi. Na ce wa take rufa wa asiri, ita da take nas mai hankali? Ta bar ni na gama, tana ta matse zane ɗaya.

"Sista, ka daina. Shi ba Baba ba ne."

Ni ban ambaci Baba ba. Ko kusa ban je ba. Me ya kawo Baba cikin maganar?

Laraba dai, bayan cin abinci

Na yi niyyar kada Baba ya shiga littafin nan.

Emilia tana makarantar nas a lokacin da hankalin Baba ya fara gushewa. Da hutu take zuwa da lemo a leda, ta tarar da shi an yi masa wanka, an shafa masa mai, yana zaune a inuwa. Ba ta taɓa ganin safiyarsa ba. Ba ta nan ranar da ya kira ni da sunan Mama, ba ta nan ranar da ya kore ni da sanda wai ɓarauniya ce. Ni na ɗaura ƙararrawa a ƙofar gida don in ji fitarsa. Saurayin da yake jirana ya gaji ya yi aurensa a Kwoi, ban kuma ga laifinsa ba.

Amma Baba tsoho ne. Wannan ko arba'in bai kai ba.

Maƙaryaci ne kawai. Ya Ubangiji, ka sa maƙaryaci ne.

Alhamis, 17 ga Satumba, da rana

Na je ofishin Rabaran. Na zauna, ya tambaye ni lafiya. Na yi masa maganar baikon godiya ta kaka, na tashi na fito.

Juma'a, 18 ga Satumba, da yamma

Ina rufe aji na ga Celestine tsaye a gindin mangwaro, shi kaɗai. Bai taɓa zuwa wurina ba tare da Emilia ba tun da aka fara maganar auren. Ya ce in raka shi filin reluwe. Muka zauna a kan tsohon ƙarfen dogo, awaki na kiwo a inda ake buga ƙwallo.

Yau garau yake. Ya san ni, ya san rana, ya san abin da ya kawo shi.

"Anti, bari in gaya maka abu ɗaya na wasan nan da ban gaya maka ba. In an buge ka ka faɗi, wani mutum zai rugo da bokiti da soso. Ya matse maka ruwan sanyi a ƙeya, ya tambaye ka, wane gari muke, da su wa muke wasa, nawa da nawa. In ka kasa, a fitar da kai, wani ya sa rigarka, ƙila shi ke nan ka rabu da ita. To na kusa da kai zai sunkuya kamar yana ɗaure takalmi, ya raɗa maka amsa. Kowa na yi wa kowa. Ni ma na yi wa mutane. Mai soson ma ya sani, yana yin kamar bai ji ba."

Na ce sau nawa aka yi masa haka?

"In na sani, ai da lafiyata ƙalau."

Na tambaye shi wasan kofin. Ya ce ya tuna shiga bas da safe, ya tuna ruwan wanka da yamma, tsakani babu komai. An ce tun farkon wasan ya faɗi, aka raɗa masa amsa, ya tashi ya yi turi har ƙarshe, kuma an ce bai taɓa wasa mai kyau irin na ranar ba. Abin da mutane suka gaya masa yake maimaitawa, kowa da irin nasa. Daga baya ya fara ɓata hanyar gidansa. Likitansu ya ce ya huta, ƙungiya ta yi masa liyafa, aka ba shi agogo. Ya ce ran Litinin ya san Kagoma za shi, sai ya tsinci kansa a wata hanya da bai sani ba, ya yi ta juyawa har ya ji ƙarar jirgi ya bi ta.

Sai a lokacin na gane abin da ƙanwata take yi a falonmu tun watanni. Na zauna ina kallo ina cewa satar amsa.

Na ce hannunta fa?

Sai ya ce:

"Ni ma ƙofa ta ce min. Tana barci a kujera, na ɗora yatsuna a wurin. Sun zauna daidai."

Ya ce ya roƙe ta ta haƙura da shi. Ta ce masa ya riga ya faɗa, ita kuma ta riga ta amsa. Bai san sau nawa suka yi haka ba.

"In ni na fasa, garin nan zai ce wani aibi na gani a jikinta, ba wanda zai sake nemanta. In gidanku ya ƙi, aibin nawa ne. Kawu ba zai iya ba. Ka tashi ran Lahadi, Anti. Ka ce mashayi ne, ka ce kurkuku, duk wanda ka ga dama. Ba zan musa ba."

Na ce ya san abin da yake nema kuwa? Za a ce yayar da ba ta samu miji ba ce take baƙin ciki. Emilia kuma ba za ta ƙara taka gidan nan ba, ita kaɗai gare ni. Ya ce ya sani. Ya raka ni har ƙofa, bai ɓata hanya ba ko sau ɗaya.

Na fi son lokacin da nake zarginsa.

Asabar, 19 ga Satumba, da rana

Sun zo su biyu da atamfar anko don in zaɓa. Yana ta raha, yana ɗora zane a kafaɗa yana rangwaɗa irin ta amare. Da Emilia ta juya baya na ce masa a hankali, "Maganar jiya fa?"

Ya dube ni. "Jiya? Mun haɗu jiya, Anti?"

Emilia ta juyo. "Ka je makaranta ka gaishe ta mana." Ta yaya ta san ya je? Bin sa take yi? Ko shi ya gaya mata? Ko duk shiri ne, don a gwada ni?

In ya manta da gaske, to wa zan yi wa biyayya, na jiya ko na yau? In kuma bai manta ba, to ya sauke mini kaya ya koma gefe yana rawa da zane. Na zaɓi mai ruwan toka. Emilia ta ce ya yi kama da na makoki, ta ɗauki shuɗin.

Da ta zo tafiya ta rungume ni ta baya, abin da ba ta yi ba tun tana ƙarama. Ta ce, "Zan iya, Sista." Haka ni ma na ce a lokacin Baba.

Lahadi, 20 ga Satumba, da sassafe

Na ɗaura ɗankwali na kwance, na sake ɗaurawa. An buga ƙararrawa.

Lahadi, bayan sujada

Ya zo cikin sabon kwat da ya matse shi a kafaɗa. Yana gaba a layin maza, kansa ya fi na kowa tsawo. Emilia na gefena, cinyarta a jikin tawa.

Rabaran ya karanta sunayensu. Ya ce wannan ita ce ta uku kuma ta ƙarshe. Ya sauke tabarau. Kawu ya waiwayo ya dube ni. Celestine bai waiwayo ba, ƙeyarsa kawai nake gani da kunnuwan nan.

Na dafa benci. Na ji hannun Emilia ya yi sanyi a kan nawa, ba ta riƙe ni ba, ɗora shi kawai ta yi. Na ce a raina ai ya manta. Mutumin da ya manta, ba zan tashi in tozarta shi a gaban jama'a bai san hawa ba bai san sauka ba. Ina cikin wannan aka yi guɗa.

An sa rana, ƙarshen Oktoba.

A bakin ƙofa mutane suka yanyame su. Na nemi in zame ta gefe, sai ga shi ya tsaga jama'a ya zo ya kama hannuna da hannu biyu, yana murmushi don masu kallo. Ya sunkuyo har kunnena.

"Na jira ka, Anti."

Kafin in buɗe baki Emilia ta iso ta ja shi wajen mai hoto.